Littafin Tsuntsaye Cikin Takardar Siminti

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sayo min littafin tsuntsayen ƙasar Turai, ya naɗe bangonsa da takardar siminti don kada in gani, ya aiko min a matsayin na ƙasarmu. Da wannan littafin na shiga dajin Binuwai da baƙi. Na tsaya gaban tsohuwar da ta isa ta haife ni ina zuba mata ƙarya, ni kaina ban san ƙarya nake yi ba. Aikin da na sa rai a kansa ya kuɓuce. Wasunku sun dame ni da tambaya, yaya tafiya, ina hotuna. Babu hotuna. Ga labarin, kuma sau ɗaya zan faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, direba ne ni a Garwa, ina da tsohuwar mota mai shiga daji. Na daɗe ina jigilar ma'aikatan auduga tsakanin Garwa da Tuboro, har aka kawo sababbin motoci aka daina kirana. Ana nan sai wata Madam, 'yar kudu, mai sansanin baƙi a gefen gandun dajin Binuwai, ta ce min baƙin yanzu sun daina neman zaki don sun san ba za su gan shi ba, tsuntsu suke nema. Tana son mutum ɗaya wanda zai tuƙa mota kuma ya faɗi sunan tsuntsu. Idan na iya, aikin rani gaba ɗaya nawa ne, har da na baɗi. Ta ce in nemi littafi in koya, za ta gwada ni da baƙi biyu idan sanyi ya shigo.

Ni ɗan gari ne. Kakanninmu fatake ne daga Kano, a kasuwa muka tashi. Tsuntsun da na sani shi ne wanda ake ci da wanda ke ɗauke 'yan tsaki. Lekol kuwa, wato makarantar boko, a firamare na tsaya. Ina karanta Faransanci, amma da yatsa nake binsa. Autanmu shi ne mai karatun gida, yana koyar da ilmin halittu a wata lise, wato sakandare, a Marwa, yana zaune a unguwar Dugoy. Da na ji zai je taro Yawunde na kira shi, na ce ya zaɓo min littafin da ya dace, na tura masa kuɗin. Ya ce, "Hamma, bar min wannan, ai fannina ne." Hamma yake ce min, yadda ake kiran yaya a nan wajenmu.

Littafin ya iso a motar haya. An naɗe shi tsaf, irin naɗin da malamai ke sa 'yan makaranta su yi wa littattafansu, an bi ko'ina da salatif, har shafin farko an manne shi da bango. A sama ga 'yar farar takarda da kyakkyawan rubutun Auta, kalma ɗaya: tsuntsaye. Wallahi daɗi na ji. Na ce yaron nan ya san hannun direba ba ya rabuwa da baƙin mai, ya kare min littafi. A gefen kowane tsuntsu akwai wata 'yar taswira kamar kan ashana, da launi ja da shuɗi. Na buga na tambaye shi. Ya ce ta masu bincike ce, in rabu da ita.

Na zauna na yi karatu irin wanda ban yi ba ina yaro. Kullum da safe kafin rana ta yi zafi, ƙarƙashin darbejiyar tasha, yatsa a kan layi. Direbobi suka sa min Dokta Tsuntsu, na ƙyale su. Na haddace sunaye, na haddace baki da ƙafa da launin fiffike. Har na gangara ƙarƙashin gadar Binuwai na gwada kaina. Ga zalɓe, yana cikin littafi. Ga balbela, tana ciki. Ga tsattsewa, ga waɗansu ƙanana masu dogayen ƙafa a bakin ruwa, duk na same su shafi da shafi. Na koma gida ina taku ɗai-ɗai. Ina zan sani cewa rabin tsuntsayen bakin ruwa a lokacin sanyi baƙi ne su ma, daga Turai suke gudun ƙanƙara su zo su sha rana a wajenmu?

To, mun tashi daga Garwa bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Baƙin nawa biyu ne. Akwai tsohuwar Baturiya, siririya, wadda ta yi koyarwa a garin nan tana budurwa, da na'urar hangen nesa rataye a wuya da ɗan littafin rubutu a aljihu. Sai tsohon ɗalibinta wanda ya zama likita a Duwala, ƙato mai tumbi, wanda ke fara dariya tun kafin a gama magana. Tsohuwar ta ce tana da littafin tsuntsayen Afirka a gida amma nauyi gare shi, kuma Madam ta ce kada ta wahalar da kanta, jagora yana da nasa. Ta miƙo min hannu ta ce, "Mesiye le gid." Wato malam jagora. A rayuwata ba a taɓa kirana haka ba. Na gyara hula.

Muka haye gada. A ƙasa masu haƙar yashi sun riga sun shiga ruwa har ƙugu cikin wannan sanyi, masu wanki na baza kaya a kan rairayi. A shingen biyan kuɗin hanya mata suka yanyame motar da dabino da gyaɗa da dafaffen ƙwai, suna ganin farar fata farashi ya tashi tsaye. Na yi musu magana da Fulatanci, ya koma ya zauna. Hanyar Ngawundere kuwa kun san ta. Ana karɓar kuɗinta kullum, ramukanta kuma suna nan inda na bar su tun ina kai mutane Tuboro, har na san wasu kamar dangi. Manyan motocin da ke kai kaya Cadi suna tafe a karkace, sun cinye tsakiyar titi, kai ne za ka sauka gefe ka ba su wuri. Jandarmomi sun tsare mu, suka juya fasfon tsohuwar sama da ƙasa, suka tambaye ni abin kashe gobara da akwatin magani. Ina da su duka. Wanda ya tambaya ɗin har ransa ya ɓaci.

A Ngong muka karya. Garin masara ne, buhuna jibge har kan titi, ga auduga an tara fara fat a bakin ƙauyuka ana jiran awo. Mai shayi ya soya mana ƙwai. Burodin ya ƙanƙance, kuɗinsa bai ƙanƙance ba. Likita ya ce shi ba ya karyawa da shayi, ya tafi ya tayar da mai tsire da bai gama hura wuta ba, ya tsaya a kansa har ya gasa masa.

Daga nan muka ratse zuwa Lagdo don tsohuwar ta ga tafkin. Wuri ne mai kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba: ruwa shimfiɗe har iyakar gani, duwatsu sun fito a tsakiya kamar an jera su. Masunta daga ko'ina, Musgum da Kotoko da Hausawan Najeriya, har da mutanen Mali, kowa da yarensa, ciniki kuma da Fulatanci. Giwan ruwa ta fi tsada a bakin ruwan da aka kama ta a kan kasuwar Garwa, wannan kuma har yau ban gane lissafinsa ba.

A Lagdo na ci kasuwata. Tsohuwar ta nuna, in buɗe shafi, in faɗi suna, ta rubuta. Zalɓe iri biyu, 'yan dogayen ƙafa, wani shaho mai kama kifi. Likita ya ce, "Malama, wannan mutumin ya fi ni karatu." Sai ga wani ɗan tsuntsu fari da baƙi yana tsaye cak a iska yana kaɗa fiffike, ya faɗa ruwa ya fito da kifi. Na buɗe wajen masu kamun kifi. Ɗaya ne tak a littafin, shi kuma shuɗi ne. Na tuna littafin ya ce mace takan bambanta da namiji. Na ce macen ce. Ta dube ni, ta dubi tsuntsu, ta rubuta. Can kuma wata babbar mikiya mai farin kai ta sauka kan busasshen itace, ta ɗaga kai sama ta yi wani kuka kamar guɗa. Na nemo wadda ta fi kusa da ita a hoto na ce ita ce, ta tsufa ne shi ya sa kan ya yi fari. Ku yi dariya, na ba ku izini. Amma a lokacin na yarda da abin da nake faɗa, don ban taɓa kawowa a raina littafi zai rasa tsuntsu ba. Na ɗauka idona ne bai ƙware ba.

Muka koma kan kwalta muka nausa kudu. Bayan Guna ƙasa ta canja, itatuwa suka yi kauri, tsaunuka suka matso. A bakin hanya itace da gawayi da zuma a kwalabe, gwaggon biri zaune a tsakiyar titi yana kallon mota kamar shi ma takarda zai tambaya. Da muka bar kwalta muka hau jar hanya, sai ga ciyawa na cin wuta, irin ƙunar farkon rani. A bakin wutar tsuntsaye sun yi dafifi suna cafke farin da ke gudu. Shirwa na sani. Sauran fa? Wasu ja jawur kamar an tsoma su a rini, da shuɗin kai. Wasu shuɗi da dogayen zare biyu a wutsiya. Tsohuwar ta kama bayan kujerata tana cewa in tsaya, in tsaya. Na tsaya. Tsando ya shigo ta taga ya fara aikinsa a wuyana, ni kuma ina ta juya shafi. Jan nan babu shi. Mai zaren wutsiyar akwai mai kama da shi, amma wutsiyarsa guntuwa. Na ce na littafin an zana shi ne kafin wutsiyar ta fito.

Gaba kaɗan cilakowa ta tsallake hanya, da ƙaton bakinta kamar lauje. Wannan ko ɗan gari ya san ta, tana zuwa har bayan gidanmu. Na ce yauwa, ga wadda ba za ta ba ni kunya ba. Na duba daga farko har ƙarshe, na dawo daga ƙarshe har farko. Babu cilakowa. Kafin in farfaɗo sai ga burtu guda uku suna taku cikin toka, baƙaƙe, kowanne ya kai talotalo. Tsuntsun da ya kai wannan girma a ce an manta da shi? Na ce mai buga littafin ne ya tsallake shafi. Likita ya yi dariya har motar na girgiza. Tsohuwar ba ta rubuta komai ba.

Mun isa sansani da la'asar. Bukkoki ne zagayayyu a kan gaɓa, kogi a ƙasa, dorina na gurnani kamar ana tayar da tsohon inji. An ba mu tuwon masara da miyar yakuwa da kifi, abincin dai ba laifi. Madam ta fito tana tambaya yaya sabon jagoranta. Tsohuwar ta ce, "Yana da ƙoƙari sosai." Ni da na yi shekaru ina ɗaukar manya a mota na san ma'anar wannan magana, amma na ce gobe zan gyara.

Da safe aka haɗa mu da mai gadin daji, don doka ce ba a shiga sai da shi. Dogon mutum ne da tsohuwar bindiga. Sawun dabba kam ya san shi, zai nuna maka inda ɓauna ta taka jiya. Na ja shi gefe na ce ya taimake ni da tsuntsaye. Ya ce ba matsala. Duk wanda na nuna masa sai ya ce sondu, wato tsuntsu da Fulatanci. Babba sondu, ƙarami sondu. Da na matsa masa sai ya ce wancan ana ci, wancan ba a ci. Na ce na gode.

Ba mu ma bar sansanin ba abin ya faru. A bayan kicin, inda ruwan wanke-wanke ke taruwa, waɗansu mitsi-mitsin tsuntsaye ja suna tsalle. Tsohuwar ta tsuguna tana murmushi, ta tambaye ni. Na buɗe, na sami mai jan ƙirji, na faɗi sunansa da ƙarfi yadda na haddace: ruj-gorj.

Ta sauke na'urarta a hankali.

"Wanda ka faɗa ɗin nan," in ji ta, "shi ke zuwa tagar ɗakina idan ƙanƙara ta sauka. Ina zuba masa ɓarɓashin burodi. Ba ni littafin in gani."

Na miƙa mata. Gumin hannuna ya riga ya jiƙa takardar a kusurwa. Ta sa farce ta ɗaga, salatif ya saki, takardar ta buɗe. Ga bango mai sheƙi, ga manyan haruffa waɗanda ko mai bin layi da yatsa ba zai ɓata a kansu ba. Tsuntsayen Turai. Har da taswira babba, babu ko ƙeyar Afirka a cikinta.

Likita ya leƙo ya gani. Ya yi dariya har ta koma tari, ya dafa bangon kicin. Ya ce, "Shugaba, ka ɗauko taswirar Faris kana neman hanyar Tuboro." Masu aikin kicin suka fito su ga abin da ya faru, ya maimaita musu da Faransanci, ya sake da guntun Fulatancinsa don kada wani ya rasa rabonsa.

Da tsohuwar ta yi dariya ita ma, da abin ya zo min da sauƙi. Ba ta yi ba. Ta shafa bangon ta ce littafi ne mai kyau, tana da irinsa a gida. Ta mayar min da hannu biyu. Sannan ta juya min baya, ta ciro ɗan littafinta da abin goge fensir, ta fara goge sunayen jiya ɗaya bayan ɗaya. Har na Lagdo waɗanda na faɗa daidai, don yanzu ba ta san wanne za ta yarda da shi ba. Ina tsaye ina jin ƙarar gogewar.

Duk da haka mun shiga daji, tunda an riga an biya. Dabbobi sun yi ƙaranci. Mun ga mariya, mun ga gwanki ɗaya daga nesa, mun ga shanu fiye da komai a wurin da aka ce an hana kiwo, da ramukan masu haƙar zinariya a bakin wani rafi. Mai gadi ya kau da kai, ni ma na kau da nawa. A bakin kogi muka sauka. Dorina sun kwanta cikin ruwa sai kunnuwa, kada na shan hantsi a wancan ƙetaren. A kan rairayi, kusa da mu ƙwarai, ga wani ɗan tsuntsu yana 'yan guje-guje: bayansa ruwan toka, cikinsa ruwan goro, da baƙin layi ya zagayo ƙirji kamar an ɗaura masa ɗamara. Ni da ban damu da tsuntsu ba sai don aiki, na san na ga abu mai kyau. Tsohuwar ta riƙe numfashi. Ta juyo wajena da baki buɗe za ta tambaya, sai ta tuna. Ta rufe bakin, ta mayar da ido kan tsuntsu. Daga nan har muka fita dajin ba ta sake tambayata sunan komai ba. Likita kuwa ya sauya min suna, na koma shofa, wato direba. "Shofa, matsa gaba kaɗan." "Shofa, kashe inji."

Madam ta kira ni bayan kicin kafin mu tafi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tuƙina ba shi da laifi, idan tana bukatar mota za ta neme ni. Jagora kuwa za ta ɗauko cikin waɗanda suka yi makarantar gandun daji, don baƙi suna rubuta abin da suka gani a intanet, ita kuma da sunan sansaninta take ci. Ta ce, "Kai ko bangon ba ka buɗe ba?" Na ce ƙanena ne ya naɗe, malamin lise ne. Ta ce, "To." Wannan to ɗin har yanzu yana kunnena.

Dawowa ba ta da labari. Hanyar dai ita ce, ramukan su ne, sai dai yanzu ta ɗaya gefen nake kauce musu. Likita ya sayi zuma ya yi barci. Wajen Ngong tsohuwar ta matso ta fara yi min bayanin yadda ake zaɓen irin wannan littafi, a hankali kamar tana jin tsoron kada in fashe. Na saurara don ba ni da zaɓi, ina riƙe da sitiyari. Mun shigo Garwa rana na faɗuwa, na sauke su a masauki, na tafi gida. Matata ta ga fuskata, ta kawo ruwa.

Abin da na koyo zan ba ku kyauta, tunda ni na riga na biya. Idan za ka sayi littafin gane tsuntsaye, ka fara da bango, da idonka, ka ga wace ƙasa aka rubuta. Namu sai wanda ya ce Afirka ta Yamma ko ta Tsakiya, kuma ko shi ka duba, don na kurmin kudu daban, na dajinmu daban. 'Yan taswirorin nan da aka ce min na masu bincike ne, su ne rabin littafin, su ke gaya maka ko tsuntsun yana zuwa inda kake tsaye. Idan ba ka ga siffar Afirka a cikinsu ba, ajiye. Kada ka gwada littafi a bakin kogi lokacin sanyi, baƙin tsuntsaye za su yaudare ka kamar yadda suka yaudare ni. Ka nemi wanda ka san ba ya zuwa ko'ina, cilakowa ko burtu, in babu su babu kai. Tsohuwar ta ce mai zane ya fi mai hoto, don mai zane yana nuna mace da namiji da ƙarami gefe da gefe, ba sai ka ƙirƙiro da bakinka ba. Kuma kada ka aiki kowa. Ko wanda kuka sha nono ɗaya.

Ban kira Auta a waya ba. Na san hutun ƙarshen shekara ya kusa, zai zo gaida Inna. Ya kuwa zo, ranar Juma'a, da farar shadda da ledar tsaraba. Na bar shi ya gaisa, ya ci abinci. Da ya fito zaure zai sa takalmi na ce ya zauna. Na ajiye littafin a tabarma tsakaninmu, bango a sama.

Ya dube shi, ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariya.

"Hamma, ashe ka buɗe."

"Baturiya ce ta buɗe. Gaban ma'aikatan Madam."

"Subhanallahi. To ai ni ban zaci abin zai kai haka ba."

Na ce ya gaya min yadda aka yi. Ya ce ya shiga kanti biyu a Yawunde, na Afirka babu, sai an yi oda daga waje, zai ɗauki lokaci. Ni kuma ina ta kiransa safe da yamma. A hanyar tasha ya ga wannan a shimfiɗe a ƙasa wajen masu tsofaffin littattafai, mai tsabta, da hotuna masu kyau. Ya ce ai akwai tsuntsayen da suka yi tarayya, ba duka ne ƙarya ba.

Na ce, "Naɗin fa?"

Ya ce, "Don kada ranka ya ɓaci ne. Gaskiya, Hamma, ni na ɗauka abin riƙewa kake so a hannu, Turawa su gani su san kana da littafi. Ban ɗauka zama za ka yi ka karanta shi ba."

Ya faɗe ta da murya mai taushi, yana ganin ya kawo uzuri. Daga cikin gida Inna na tambaya ko a kawo mana shayi. Na ce a'a, Inna, yanzu zai tafi.

Na matso kusa don kada ta ji, na dube shi cikin ido.

"Auta, na karanta shi. Daga bango har bango, da yatsa, direbobin tasha suna min dariya. Da ka ce min babu, da na je na gaya wa Madam babu, ta jira ni ko ta sallame ni, in dawo gida da mutuncina. Kai kuma ka sayi salatif, ka nemi almakashi, ka zauna a ɗakinka ka yanke hukunci cewa yayanka ba mai karatu ba ne. Aikin ya tafi, wannan na bar wa Allah. Ɗauki littafinka. Daga yau, duk wanda ya tambaye ka abin da Hamma zai iya da abin da ba zai iya ba, ka ce masa ba ka sani ba. Don ba ka sani ba."